Adireshin mutum ne ko na kujera? Zaɓin da ke gaban mai kula da imel na jami'a

Buƙatar takan zo a layi ɗaya. Sakataren wani sashe ya rubuto: "Ranka ya daɗe, don Allah a buɗe mana jarrabawa@, saƙon ya riƙa shigowa wurina da wurin shugaban sashe da jami'in jarrabawa." Duk wanda ya taɓa riƙe imel ɗin jami'a ya san wannan aiki bai kai minti biyu ba. Ka ƙara layi a fayil, ko ka danna nan da can a shafin gudanarwa, ka rubuta "an yi", ka wuce. Sai dai abin da ka haifa cikin minti biyun zai fi ka daɗewa a wurin. Za a buga shi a takardun sanarwa, a liƙa a allo, ɗalibai su riƙa miƙa wa na bayansu. Shugaban sashe zai sauka idan wa'adinsa ya cika, jami'in jarrabawa ya tafi ƙaro karatu, sakatare a mayar da shi wani ofis, adireshin kuwa yana nan daram, yana zuba koken ɗalibai a akwatunan mutanen da yanzu ba ruwansu da jarrabawa.

Hanyoyi uku ne a gabanka idan irin wannan buƙata ta zo: ka yi laƙabi, ko ka buɗe akwatin haɗaka, ko ka kafa rukuni. A idon mai aiko da saƙo duk ɗaya ne, adireshi ne mai alamar @ a tsakiya. A bayan fage kuwa kowanne da halinsa, kuma ranar da bambancin zai fito ba ranar da ka buɗe ba ce, sai bayan shekara biyu ko uku.

Laƙabi: suna ne, ba ɗaki ba

Laƙabi ba ya ajiye komai. Saƙo ya zo da sunansa, sabar imel, wato kwamfutar da ke karɓa da rarraba saƙo, ta duba jadawalinta, ta goge sunan da ke kan ambulan ta rubuta na ainihin mai karɓa, shi ke nan. Na ce ambulan da gangan, domin saƙon imel hawa biyu ne: akwai adireshin da sabobi suke faɗa wa juna lokacin miƙa saƙo, akwai kuma wanda mai karatu yake gani a saman wasiƙar. Takardar RFC 5321 ta 2008, wadda ta shimfiɗa SMTP, wato ƙa'idar miƙa imel tsakanin sabobi, ta raba laƙabi da rukuni a daidai wannan gaɓa. Laƙabi yana canza mai karɓa kaɗai, ya bar adireshin mayarwa, wato inda ake kai labari idan saƙo bai isa ba, yadda yake. Rukuni kuwa yana canza adireshin mayarwa ya zama na mai kula da rukunin.

Wannan kamar ƙaramin abu ne, amma ga yadda yake a aikace. Ɗalibi ya aika wa jarrabawa@, ɗaya daga cikin mutum ukun an rufe akwatinsa. Sai ɗalibin ya sami takardar "saƙonka bai isa ba" ɗauke da sunan wani malami da bai taɓa rubuta wa ba. Ya rikice, ya ɗauka babu wanda ya ga kokensa, ya sake aikawa sau huɗu. Kai kuma da ya kamata ka san adireshin ya mutu ba ka ji komai ba, domin takardar ba wurinka ta zo ba. A manhajojin sabar imel irin su Sendmail da Postfix akwai tsohuwar dabara: ka ƙara wani laƙabin mai suna owner-jarrabawa ya nuna kanka, sai irin waɗannan takardu su riƙa dawowa gare ka. Dabara ce mai kyau, amma kaɗan ne suke tunawa da ita.

Inda laƙabi ba shi da na biyu shi ne idan mutum ɗaya yana buƙatar suna fiye da ɗaya. Yawancin jami'o'i suna ba mutum sunan shiga na haruffa da lambobi, wanda ba ya kyau a kan katin gaisuwa, sannan su ɗora masa laƙabi irin suna.mahaifi@. Ko an gyara rubutun sunan mutum, ko ya canza suna, tsohon ya zama laƙabi don kada saƙo ya ɓata. Ko jami'a ta canza sunan domen ɗinta, wato abin da ke bayan alamar @, gaba ɗaya, tsohon ya ci gaba da karɓar saƙo shekaru. A duk waɗannan akwatin ɗaya ne, mai shi ɗaya ne, ranar da ya bar jami'a sunayensa duka suna tafiya tare da shi. Ba ya kuma cin kuɗi. Google Workspace tana barin laƙabi har 30 ga kowane mutum ba tare da ƙarin lasisi ba. A Exchange, tsarin imel na Microsoft, ana jera su a filin proxyAddresses, inda wanda aka rubuta masa SMTP da manyan haruffa shi ne babban adireshi, masu ƙananan haruffa su ne laƙabai. Harafi babba da ƙarami kawai, amma na ga an kwana ana neman dalilin da ya sa saƙon wani farfesa yake fita da tsohon sunansa, ashe nan ne.

Matsala tana farawa ne ranar da aka ɗora laƙabi a kan kujera maimakon mutum. Da na karɓi aiki a wata jami'a, na gaji fayil ɗin laƙabai da hannaye da yawa suka taɓa. A tsakiyarsa akwai layin adireshin neman gurbin karatun digiri na biyu, yana nuna mutum uku, kuma a samansa wani ya rubuta "na wucin gadi, har a buɗe musu akwati". Babu kwanan wata, babu sunan wanda ya rubuta. Da na bi diddigi, biyu sun bar aiki tuntuni. Ta ukun, wata baiwar Allah, an mayar da ita wani ofis, ta gaji da saƙon da bai shafe ta ba, ta kafa ƙa'ida a akwatinta ya riƙa tura su wata jaka. Da muka buɗe jakar tare, sai ga tambayoyin masu neman gurbi jere, na watanni, babu wanda aka buɗe. Ba ta yi laifi ba. Ta ɗauka sauran biyun suna amsawa. Adireshin kuma har ranar yana kan shafin jami'a.

Ko da duka ukun suna nan, laƙabi yana da naƙasu uku a aikin ofis. Kowa yana samun kwafinsa, don haka babu wanda ya san ko wani ya amsa: wani saƙon a amsa shi sau biyu da amsoshi masu karo da juna, wani kuma kowa ya bar wa ɗan'uwansa. Amsa tana fita da adireshin mutum na kansa, daga nan ɗalibin ya kama wannan adireshin, ofis ya fita daga zancen. Sannan sabon da ya hau kujera yana tarar da ita wayam, domin tarihin shekaru yana cikin akwatin wanda ya gada. Ana iya saita Gmail ko Exchange mutum ya aika da sunan laƙabi, wannan yana rage naƙasu na biyu, amma sauran biyun ba su da magani.

Akwatin haɗaka

Wannan ɗaki ne na gaske, mai ajiyarsa, mai jakar saƙon da aka aika. Mutane suna shiga da nasu sunan da tasu kalmar sirri, an ba su izini ne kawai. Idan an buɗe saƙo kowa ya ga an buɗe, idan an amsa amsar tana nan, kuma da sunan ofis ta fita. Sabon shugaban sashe ya zo, ka ƙara shi, ka cire tsohon, ya tarar da duk abin da aka tattauna kafin zuwansa. Ga kowace kujera da ake rubuto wa ana jiran amsa, magatakarda, ma'aji, ɗakin karatu, ofishin ɗaukar ɗalibai, ni dai ban ga abin da ya kai shi ba.

A Exchange Online akwatin haɗaka ba ya buƙatar lasisi matuƙar bai wuce gigabait 50 ba, kuma izininsa kashi-kashi ne: izinin buɗewa daban, izinin aikawa da sunan akwatin daban, izinin aikawa a madadinsa daban, inda mai karɓa zai ga sunan mutumin da na ofis tare. Na ukun ya fi dacewa da ofishin da ake so a san wanda ya yi magana. A Google babu kwatankwacinsa sak. Ko dai ka yi amfani da Google Groups a tsarin akwatin aiki tare, inda ake iya damƙa wa mutum saƙo a kuma yi alamar an gama, ko ka buɗe cikakken asusu ka wakilta mutane su shiga. Mai sabarsa ta kansa kuma manhajar Dovecot tana ba shi jakunkunan haɗaka da izinin shiga, sai dai saitin yana son haƙuri.

Ba na cewa ba shi da aibi. Babban aibinsa mantuwa. Laƙabi yana kai saƙo har inda mutum yake, akwatin haɗaka kuwa sai an je an leƙa. Ofishin da saƙo ɗaya yake shigo masa a wata, to akwatinsa zai zama kango, domin babu wanda zai riƙa tunawa. A waya ma ba kowace manhaja ce take nuna shi cikin sauƙi ba. Daga nan ne ake zuwa maka da roƙon da ya kamata ka ƙi ko da wa ya aiko: "A ba mu kalmar sirrin akwatin kawai, kowa ya saka a wayarsa." Ranar da ka yarda, ka rasa sanin wanda ya aika me, tabbatarwa ta mataki biyu ta zama wasa, kuma wanda ya bar aiki ya tafi da makulli a aljihu. Asusun da ke bayan akwatin haɗaka a rufe ƙofar shigarsa kai tsaye, a bar ta a rufe.

Akwai kuma nauyin ajiya. Akwatin ofishin ɗaukar ɗalibai cike yake da takardun shaida da hotuna da bayanan lafiyar mutane, kuma duk wanda ka ba izini yau yana ganin na shekarun baya duka. Sai an yanke tun farko shekara nawa za a riƙe saƙo. Idan kuma saƙon ya yi yawa har ana rigimar wa ya ɗauki wanne, to ofishin ya girmi akwati, tsarin tikiti yake buƙata, mai ba kowace buƙata lamba a bi ta har a gama, irin su Request Tracker.

Rukuni

Rukuni na shela ne, baki ɗaya kunnuwa da yawa: duk malaman tsangaya, duk ɗaliban shekarar ƙarshe, 'yan kwamiti. Abin da ya fi laƙabi da shi ba yawan mutane ba ne, ƙofa ce. Kana iya cewa wane da wane kaɗai za su aika, saƙon wasu sai an tace, na waje ba ya shiga sam. Laƙabi ba shi da ƙofa. Duk wanda ya san sunan ya aika. A watan Nuwamba na 2012, a Jami'ar New York, wani ɗalibi ya so tura wa mahaifiyarsa wata sanarwa daga ofishin kuɗi, sai saƙon ya tafi ga ɗalibai kusan 40,000, domin jerin da aka yi amfani da shi a buɗe yake ga duk mai amsawa. Da sauran suka gane, sai aka mayar da abin dandali. A Nuwamban 2016 hukumar lafiya ta Ingila ta ga irinsa, saƙon gwaji ya tafi ga ma'aikata kusan 840,000, masu amsa "a cire ni" suka kusa durƙusar da tsarin. Duk jerin da ya wuce mutanen da za su zauna a ɗaki ɗaya, a sa masa ƙofa.

Tambayar da ta fi muhimmanci a rukuni ita ce daga ina sunayen suke fitowa. Jerin da sakatare yake gyarawa da hannu yana ruɓewa kamar laƙabi, sai dai a hankali. Manhajar rukuni ta Sympa, wadda aka haifa a cikin jami'o'in Faransa, ta shahara da iya ɗebo mambobi kai tsaye daga kundin sunayen mutane na LDAP ko rumbun bayanai, Exchange ma yana da rukunin da ke lissafa mambobinsa da kansa bisa sharaɗi. Manhajar Mailman kuwa ta fi dacewa da rukunin tattaunawa da mutane suke shiga da fita da son ransu, musamman idan akwai abokan bincike daga wasu jami'o'i.

Ina za a ajiye laƙabai da rukunai?

Wannan zaɓi ne na biyu, kuma a ganina ya fi na farko tasiri, ko da yake ba kasafai ake zama a yanke shi ba. Yawanci gado ake yi.

Fayil ɗin rubutu shi ne tsohon hannu. Tun Sendmail da Eric Allman ya rubuta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ake da /etc/aliases, Exim da Philip Hazel ya fara a Cambridge a 1995 ta karɓe shi, Postfix ta Wietse Venema da ta fito a 1998 ita ma haka. Suna, alamar ɗigo biyu, masu karɓa, sai ka gudanar da umarnin newaliases don sabar ta ɗauki gyaran. Ina son fayil, ba zan ɓoye ba. Ana karanta shi da ido, ana bincika shi cikin daƙiƙa, idan ka sa shi a Git, manhajar adana tarihin gyare-gyare, kana da tarihin wanda ya canza me da dalilinsa, kuma ko komai ya faɗi shi yana nan. Amma fayil kurma ne. Bai san an yi wa wani ritaya ba, bai san ɗalibi ya kammala ba. A jami'a, inda kowace shekara dubban mutane suke shiga dubbai suke fita, kurman jadawali ba ya jimawa yake cika da matattu. Haka kuma laƙabi yana nuna laƙabi, wannan ya nuna wani, har wata rana ka tarar da biyu suna nuna juna, saƙo yana zagaye sai sabar ta gaji ta mayar da shi.

Kundin mutane, LDAP ko Active Directory, yana da kunne, in dai an haɗa shi da bayanan ofishin ma'aikata da na ɗalibai. Laƙabi ya zama wani fili a cikin bayanin mutum, ya rayu tare da shi ya mutu tare da shi. Tsarin eduPerson da jami'o'i da yawa suke bi yana da filin da ke cewa wannan ɗalibi ne, ko malami, ko ma'aikaci, ko tsohon ɗalibi, kuma daga nan ake gina rukunai ba tare da hannu ba. Kuɗin da za ka biya shi ne ka zama bawan bayanan wasu. Idan ofishin ma'aikata ya yi jinkirin shigar da sabunta kwantiragin wani malami, da safe adireshinsa ya ɓace, kuma kai za a kira, ba su ba. Idan kundin ya faɗi, sabar da aka saita da kyau takan ce wa mai aikowa ya dawo an jima, ba ta ce babu wannan mutum ba. Sabobi kuma sukan yi ta gwadawa har kwana huɗu ko biyar, don haka jinkiri ne ba asara ba. Ka gwada wannan da kanka tun ana zaman lafiya, kada ka ɗauka haka yake.

Abin da na zauna a kai shi ne tsakiya. Gaskiya tana kundi, amma sabar imel ba ta tambayarsa kai tsaye. Wani ɗan shirin kwamfuta ne yake fitar da jadawali daga kundin lokaci-lokaci ya ajiye mata a gida. A cikin shirin akwai birki: idan sabon jadawali ya gaza tsohon da fiye da kaɗan, kada ya maye gurbinsa, ya tsaya ya kira mutum. Wannan birki na sa shi ne bayan wata safiya da kundin ya amsa da rabin sunaye, shirin ya karɓa da hannu bibbiyu, muka yi kusan awa ɗaya muna gaya wa duniya cewa rabin malamanmu babu su. Fayil ɗin hannu kuma na bar masa 'yan layukan da dole su yi aiki ko kundi ya mutu: postmaster, wanda ƙa'idar SMTP ta wajabta a kan kowane domen mai karɓar saƙo, da abuse da security da sauran sunayen da RFC 2142 ta jera tun 1997.

Wanda imel ɗinsa yake wurin Google ko Microsoft bai tsira daga wannan zaɓi ba. Shafin gudanarwa fayil ɗin hannu ne da aka yi wa fenti. In kuma ana kwafo asusu daga Active Directory na gida, to can ake gyara laƙabi, shafin Microsoft ma ba zai bar ka ka taɓa ba.

Tura saƙo waje

A nan ne gizo yake saƙar. Ɗalibi ko tsohon ɗalibi yana so adireshin jami'a ya riƙa zuba masa saƙo a Gmail ɗinsa. Shekaru ashirin da suka wuce layi ɗaya ne, ba wanda zai ce uffan. Yau akwai masu gadi uku a hanya. SPF yana duba ko sabar da ta miƙo saƙon tana cikin waɗanda domen ɗin mai aikowa ya amince da su. Taka ba ta ciki, tunda laƙabi bai canza adireshin mayarwa ba, don haka ka faɗi. DKIM sa hannu ne a jikin saƙon, yana tsallake turawa lafiya muddin ba ka taɓa saƙon ba. DMARC kuma yana so aƙalla ɗaya daga cikin biyun ya ci, kuma da sunan domen ɗin da ke saman wasiƙar. Ma'ana, saƙon da ka tura waje a kan ƙafa ɗaya yake tsaye, ƙafar DKIM. Idan sabarka tana liƙa gargaɗin "wannan saƙo daga waje yake" a kan take, ko tana ƙara wani rubutu a ƙasa, ka karya ƙafar da hannunka.

Duniya ta ɗanɗana wannan a watan Afrilu na 2014, lokacin da Yahoo ta umarci kowa ya ƙi duk saƙon da ya zo da sunanta bai ci DMARC ba, rukunan tattaunawa ko'ina suka rikice. Tun Fabrairun 2024 kuma Google da Yahoo suka ƙara tsananta sharuɗɗa ga masu aiko musu da saƙo, musamman masu yawa. Akwai magunguna biyu, kowanne rabi. SRS yana sake rubuta adireshin mayarwa da sunan domen ɗinka don SPF ya ci, amma wannan cin ba ya gamsar da DMARC, tunda sunan bai yi daidai da na saman wasiƙa ba. ARC, wanda aka wallafa a 2019, hatimi ne da kake bugawa cewa saƙon lafiya ya iso gare ka, sai dai mai karɓa ne yake da zaɓin ya yarda da kai ko ya ƙi.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: duk saƙon banza da ka tura, a wurin mai karɓa kai ka aiko shi. Tsofaffin ɗalibai dubbai, adireshinsu ya daɗe yana yawo a intanet, kai kuma kana kwasar shara kana kai wa Gmail da sunan sabarka. Wata rana saƙon shugaban jami'a ne zai faɗa jakar shara saboda haka. Shi ya sa nake tacewa sosai kafin turawa, nake ware wa turawa nata adireshin IP, wato lambar da ake gane saba da ita, daban da na saƙon jami'a, kuma nake so tsohon ɗalibi ya sabunta buƙatarsa duk shekara, in bai yi ba a dakatar. Adireshin ofis kuwa ba ya fita waje ko da wasa; takardun ɗalibai ba su da abin yi a akwatin da jami'a ba ta da iko da shi. Microsoft ma tun 2020 ta sa turawa waje ta atomatik a rufe take sai mai kula ya buɗe, domin ɓarayin asusu abin da suke fara kafawa ke nan.

Sunayen da ba a bayarwa

Jami'a babba ba ta rasa mutum biyu masu suna ɗaya. Na farko ya samu suna.mahaifi@, na biyu a ƙara masa lamba ko harafin tsakiya, ya yi ta ƙorafi, musamman idan shi farfesa ne na farkon kuma ɗalibi. Idan na farkon ya tafi sai a zo maka: "Ai yanzu babu mai shi, a ba ni." Kada ka bayar. Tsohon adireshin yana kan maƙalun da mutumin ya wallafa, yana kan asusunsa na mujallu da na banki da na shafukan sada zumunta, kuma duk wanda ya gaji adireshin yana iya danna "na manta kalmar sirri" ya gaji waɗannan ma. Yahoo ta sake rarraba tsofaffin adireshi a 2013, sababbin masu su suka riƙa samun saƙon sirrin mutanen da ba su sani ba. Adireshin da aka rufe ya shiga jerin waɗanda aka binne, shirin da ke raba sunaye ya riƙa duba jerin kafin ya bayar. A kuma rubuta ƙa'idar raba suna, hukuma ta sa hannu, don ranar da babba ya matsa maka ka sami abin nunawa.

Wasu sunayen kuma tun farko ba na kowa ba ne. Shekaru da dama kamfanonin da ke ba da takardar shaidar tsaro ta shafukan intanet suna karɓar amsa daga admin, administrator, webmaster, hostmaster ko postmaster a matsayin hujjar cewa kai ne mai domen. A 2015 wani mutum a Finland ya buɗe laƙabin hostmaster a live.fi na Microsoft, ya nemi takardar shaidar domen ɗin, aka ba shi. Idan jami'arka tana barin mutane su zaɓi laƙabinsu da kansu, waɗannan biyar, da duk sunan da ya yi kama da na ofis, a kulle su kafin a buɗe ƙofa.

Adireshin kama-duka, wanda ke karɓar saƙon kowane suna ko babu shi, ba na ɓata lokaci a kansa: sunan da babu, a ƙi shi a bakin ƙofa, mai aikowa ya san ya yi kuskure nan take. Masu son laƙabi don rarrabe saƙonsu kuma a nuna musu alamar tarawa, suna+taro@, wadda Gmail da Exchange Online da Postfix duk suka sani. Wannan kaɗai yana rage layin masu roƙo.

Shi kuwa sakataren da ya nemi jarrabawa@, ban yi masa layin da ya roƙa ba. Na tambaye shi ko za a riƙa amsa saƙon, ya ce ƙwarai. Na tambaye shi ko wanda zai gaji jami'in jarrabawa zai buƙaci ganin na bara, ya yi shiru kaɗan, ya ce ai kullum rigimar ke nan. Na buɗe musu akwatin haɗaka, na ba su ukun izini, na rubuta a bayaninsa cewa mai shi kujerar shugaban sashe ce, ba sunan wanda ke kanta ba, na sa ranar dubawa farkon shekarar karatu mai zuwa. A ranar saƙo zai tafi wa duk wanda ke kan kujerar da sunayen masu izini, ya tabbatar ko ya gyara. Idan wata guda ya wuce bai amsa ba, a sake tunatar da shi, a sa shugaban tsangaya a kwafi.